Wayar Lantarki a Gadon Baya: Abin da Alƙaluma ke Gaya wa Mai Ciwon Baya a Andarai

Zazzaɓi yana da abin awo, hawan jini ma yana da nasa, ciwon suga kuwa ɗigon jini ɗaya ya isa a san inda ya tsaya. Raɗaɗi ne kaɗai ba shi da mudu sai bakin mai shi. Shi ya sa likitoci suka yi masa sikeli daga 0 zuwa 10: sifili na nufin garau kake, goma na nufin azabar da ba ka taɓa jin irinta ba. Yawancin alƙaluman da za mu bi a nan a kan wannan amsa ta majinyaci aka gina su, kuma mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za mu dawo kansa.

Maganar da ke gabanmu ta wata na'ura ce da ake dasa wa mutum a gadon baya, tana aika lantarki kaɗan-kaɗan zuwa laka don ta danne ciwon da ya ƙi jin magani. Asibitocin ƙasashen waje masu neman majinyata suna tallata ta a intanet, kuma duk wanda ciwo ya hana barci, kunnensa a buɗe yake ga kowane labari. Manomin Andarai da ya shekara talatin a duƙe kan fartanya, da ɗan dakon kasuwar Jega, da mai dashen albasa a Aliero, duk sun cancanci a gaya musu gaskiyar abin da na'urar ke yi, da wanda take wa amfani, da abin da take ci.

Miliyan 619: girman ciwon

Likitoci suna kiran ciwo mai naci idan ya wuce wata 3 bai tafi ba, ko yana tafiya yana dawowa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne babban mutum 1 cikin kowane 5 a duniya yana fama da irinsa. Ciwon ƙugu da ƙasan baya shi ne kan gaba: a 2020 ya shafi mutum miliyan 619, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050, mafi yawan ƙarin a Afirka da Asiya. Babu wata cuta da ta fi shi hana mutane aiki a duniya.

A Afirka, wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 65, kusan rabinsu daga Najeriya, ya gano cewa a kowane lokaci aka tambaya, kimanin mutum 39 cikin 100 za su ce bayansu na ciwo.

Mu sauko gida. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Jega tana da mutum kimanin 193,000, Maiyama, inda Andarai take, kimanin 175,000, Aliero kuma kimanin 66,000. Jimilla kusan 435,000 ke nan, kuma tun daga lokacin jama'a sun ƙaru sosai. Ko da mun tsaya a kan wannan tsohon adadi, muka ɗauki rabinsu manya ne, muka ɗora musu ma'aunin 1 cikin 5, za mu sami mutum wajen 43,000 masu ciwo mai naci. Wannan lissafin alƙalami ne, ba ƙidayar gida-gida ba, amma ya isa a yi kwatance da shi: na'urorin da ake dasawa a faɗin duniya a shekara guda kimanin 50,000 ne. Wato abin da duniya gaba ɗaya ke dasawa a shekara da ƙyar zai wuce yawan masu ciwo a ƙananan hukumomi uku na jihar Kebbi.

1965 da 1967: asalin dabarar

Duk wanda ya taɓa buge gwiwa ya san hannu da kansa yake kai wa wajen ya murza, kuma zafin yana raguwa. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana dalili: a cikin laka akwai wani abu mai kama da ƙofa, saƙon taɓawa idan ya cika hanyar, sai ya rage wa saƙon ciwo damar isa ƙwaƙwalwa. Bayan shekara biyu, a 1967, wani likitan tiyata na Amurka, Norman Shealy, ya gwada wannan tunani a jikin wani mai cutar dajin huhu, ya sa masa waya a kan laka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, takwarar NAFDAC ɗinmu, ta amince da na'urar daga baya.

Aikin hawa biyu ne. Da farko likita zai zura siraran wayoyi ta cikin allura zuwa ɗan sararin da ke tsakanin ƙashin baya da rigar laka, yana kallon hoton na'ura don kada ya kauce. Batirin yana waje, majinyaci ya koma gida da shi na kimanin mako guda. Idan ciwon ya ragu da rabi ko fiye, sai a yi hawa na biyu: a kafa wayoyin dindindin, a binne batiri mai girman akwatin ashana a ƙarƙashin fatar ƙugu ko ciki, a ba mutum abin sarrafawa a hannu.

Abu biyu ke nan da za a lura da su. Na farko, na'urar ba ta gyara ƙashi, ba ta warkar da jijiya, saƙon ciwo kawai take dusashewa. Na biyu, abin da masu wannan aiki ke kira nasara shi ne raguwar kashi 50 cikin 100. Wanda ciwonsa ke kan 8 ya sauko 4, a takarda ya yi nasara, ko da har yanzu ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure dami.

Ba kuma kowane ciwon baya aka yi ta dominsa ba. Hukumar da ke tantance magunguna a Ingila, a 2008, ta yarda da ita ne ga manya masu ciwon jijiya wanda ya kai wata 6 duk da an gwada sauran hanyoyi, kuma bayan gwajin farko ya yi kyau. Ciwon jijiya shi ne mai zugi kamar wuta, ko suka kamar allura, ko fizga kamar lantarki, irin wanda ke sauka ƙafa bayan tiyatar baya, ko wanda ke cin tafin ƙafar mai ciwon suga. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ciwon baya kuwa, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, na gama-gari ne wanda ba a iya nuna masa wata cuta takamaimai.

48 da 9, 79 da 5: alƙaluman da suka yaba

A 2007 aka wallafa wani gwaji da Krishna Kumar na Kanada ya jagoranta, a kan mutum 100 da aka yi wa tiyatar baya amma ciwon ƙafa bai bar su ba. Bayan wata 6, kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka ware wa na'urar sun sami sauƙin rabi ko fiye, a ɓangaren masu magani kaɗai kuwa kashi 9 ne. Tazara ce mai faɗi. Sai dai juya adadin ka gani: 52 cikin 100 ba su kai mizanin ba.

A 2021 wani gwaji a Amurka ya ɗauki mutum 216 masu ciwon jijiyar ƙafa saboda suga. Bayan wata 3, kashi 79 cikin 100 na masu na'ura sun sami sauƙin da ake nema, a ɗaya ɓangaren kashi 5 kacal. Wannan ya shafe mu, domin a ƙiyasin 2021 manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon suga a Najeriya.

Waɗannan gwaje-gwaje biyu suna da rauni iri ɗaya. Kamfanonin da ke ƙera na'urar ne suka biya kuɗinsu, Medtronic na farko, Nevro na biyu. Sannan kowane majinyaci ya san ɓangaren da ya faɗa. A nan ne sikelin 0 zuwa 10 ya dawo. Mutumin da aka yi wa aiki da sabuwar na'ura, ana kiransa ana duba shi, ya sa rai zai ji sauƙi, shi kuwa ɗayan an mayar da shi kan maganin da ya riga ya gaza masa. Ba ƙarya ɗayansu yake yi ba idan aka tambaye shi. Sa rai da kansa yana rage zafi, yanke ƙauna kuma yana ƙara shi. Abin da gwajin bai raba ba shi ne rabon lantarki da rabon fata.

10.6 da 9.3: ranar da aka kashe na'urar a ɓoye

Tsofaffin na'urori suna sa jiki tsikari, don haka majinyaci ya san lokacin da suke aiki. Sababbi akwai waɗanda ba a jin motsinsu, wannan ya ba da damar yin gwajin da aka daɗe ana jira. A asibitin koyarwa na St Olavs da ke Trondheim a ƙasar Norway, aka dasa wa mutum 50 na'urar, sannan aka riƙa kunna ta wata 3, a kashe ta wata 3, sau biyu-biyu, ba tare da majinyaci ko mai tambayarsa sun san halin da take ciki ba. An wallafa sakamakon a watan Oktoban 2022. A kan sikelin naƙasa mai maki 100, an sami sauƙin maki 10.6 lokacin da take kunne, da maki 9.3 lokacin da take kashe. Bambancin maki 1.3 ne, wanda bai kai a jingina shi ga na'urar ba.

Likitocin da ke wannan aiki sun soki gwajin, sun ce mutum 50 sun yi kaɗan, kuma ba a daidaita wa kowa ƙarfin lantarkin yadda ake yi a asibiti ba. Suka ce mai nauyi, kuma ya kamata a ji ta. To amma a watan Maris na 2023 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace bincike, ta haɗa gwaji 13 masu ɗauke da mutum 699 kan ciwon ƙasan baya. Hukuncinta shi ne mai yiwuwa na'urar ba ta fi wadda aka kashe ba, kuma babu gwajin irin wannan da ya bi majinyata fiye da wata 6. Na'urar da za ta zauna a jiki shekaru, hujjar da aka fi amincewa da ita ta tsaya a rabin shekara.

13 cikin 42: abin da ke biyo bayan dashe

Baya ba ya zama wuri ɗaya, yana lanƙwasa yana miƙewa, waya kuwa tana son inda aka ajiye ta. Wani nazari na 2004 ya nuna wayar tana gocewa a kashi 13 cikin 100 na majinyata, tana karyewa a kashi 9, ƙwayar cuta na shiga wurin a kashi 3 da ɗoriya. A gwajin 2007 ɗin nan da ya yaba wa na'urar, cikin mutum 42 da aka bi har shekara 2 suna amfani da ita, 13 sai da aka sake yi musu tiyata.

A Ostireliya, tsakanin 2012 da 2019, an dasa 26,786, an cire 10,702. Ba kowace cirewa ce ke nufin gazawa ba, amma lissafin ya nuna duk 10 da suka shiga, 4 na fita. A Amurka, daga Yulin 2016 zuwa Yulin 2020, hukumar magunguna ta karɓi rahoton matsala 107,728, ciki har da 497 da suka ambaci mutuwa, ko da yake rahoto kaɗai ba ya tabbatar da cewa na'urar ce sanadi. Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ciwon bai ragu yadda aka zata ba.

Waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da yawancin mutane aikin kujera suke yi aka tara su. Yanzu a kwatanta da wanda zai wuni a duƙe cikin fadama yana dashen shinkafa, ko ya ɗaga buhun albasa zuwa bayan mota, ko ya yi tafiya mai nisa a kan babur. Idan wayar ta goce, komawa zai yi inda aka dasa ta.

Shekara 65: farashi

Wani bincike a Amurka ya bi majinyata 7,560, daga cikinsu 1,260 aka dasa wa na'urar. A shekarar farko kaɗai, kowane mai na'ura ya ci ƙarin dala 39,000 a kan takwaransa. Bayan shekara 2 ba a ga sun rage shan magunguna masu ƙarfi dangin mofin ba, kuma kashi 22 cikin 100 an sake yi musu aiki ko an cire na'urar.

A canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, kusa da abin da aka yi ta gani a 2025, dala 39,000 ta zama naira miliyan 58 da rabi. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kebbi, wanda gwamna Nasir Idris ya sa wa hannu a Oktoban 2024, naira 75,000 ne. Raba ka gani: wata 780, wato shekara 65 na albashi ba a taɓa ko kwabo ba. Idan aka ce mutum 1 cikin 100 na masu ciwo 43,000 da muka ƙiyasta za a yi wa, mutum 430 ke nan, kuɗin ya haura naira biliyan 25. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, ma'anar wannan ita ce sayar da gona da shanu.

Ba a nan kashe kuɗin ya tsaya ba. Batirin da ba a caji yana yin shekara 2 zuwa 5, sai an sake tsaga fata a canza shi. Mai caji yana kai wa wajen shekara 10, amma yana son wuta a kai a kai, alhali binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami wutar lantarki a gida 39 kacal cikin 100 na karkarar Najeriya.

Sai batun masu aikin. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a Najeriya ba su kai 200 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, wato kowane ɗaya yana ɗauke da mutum sama da miliyan guda. Yankinmu ya yi sa'a da Cibiyar Tiyatar Ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu, ɗan jihar Kebbi, ke haɗe da kafuwarta. Daga Jega tafiyar fiye da kilomita 100 ce, kuma a gaban likitocin akwai waɗanda suka yi hatsarin mota, da jarirai masu ruwa a kai, da masu ƙari a ƙwaƙwalwa.

0.2 da miliyan 4.6: inda giɓin gaske yake

Akwai alƙaluma biyu da suka fi duk na baya kusa da mu. A 2017 kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa. Najeriya kuwa abin da take samu ya biya kashi 0.2 cikin 100 ne kawai na bukatar masu tsananin ciwo, irin masu cutar daji da ke gab da ajali. Mofin magani ne mai araha. A ƙasar da ake haifar jarirai kimanin 150,000 da sikila duk shekara, wannan rashi ba ƙarami ba ne.

A ɗaya gefen, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya kan shaye-shaye na 2018 ya sami mutum miliyan 4.6 a Najeriya da ke shan ƙwayoyi irin tiramol ba da umarnin likita ba. A Arewa maso Yamma, masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi gaba ɗaya sun kai miliyan 3. Wani ya fara ne don ya iya ƙarasa kuyyan gonarsa, daga baya ƙwayar ta kama shi. Mai tsananin ciwo a gadon asibiti bai sami abin da ya halatta gare shi ba, mai ciwon baya a ƙauye kuma ya sami abin da zai cutar da shi a hannun ɗan talla.

Abin da alƙaluman suka nuna a yi

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta kan ciwon baya mai naci. Abin da ta ba da shawara a kai shi ne a wayar wa majinyaci da kai game da ciwonsa, motsa jiki bisa tsari, gashi da tausa a hannun masana, taimako kan damuwa da fargaba, da magungunan rage kumburi. Ta ce a guji ɗamarar baya, da jan ƙashi, da magunguna dangin tiramol. Babu ɗaya daga cikin abin da ta yaba da ke bukatar dala. Magungunan kumburin ma ba na kullum ba ne, domin yawan shansu yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda.

Aliero ta yi suna a ɗori, mutane na zuwa daga nesa, kuma wannan amana ce babba. Ciwon jijiya dai ba karaya ba ne, kuma akwai alamomin da in mai ɗori ko wanzami ko mai kemis ya gani, alherin da zai yi shi ne ya tura mutum asibiti a ranar: ƙafafu sun yi rauni, fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ciwon baya ya haɗu da zazzaɓi da rama da gumin dare. Wannan na ƙarshe yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, cutar da ke gurgunta mutum in an yi jinkiri, alhali maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Na'urar laka tana da gurbinta: ƙalilan masu ciwon jijiya da suka gwada komai, waɗanda ke kusa da likitan da zai bi su shekara da shekaru. Wanda aka yi wa tayinta ya tambayi abu huɗu kafin ya taɓa kadararsa: wane irin ciwo ne da ni, za a yi gwajin farko, mutum nawa kuka sake yi wa tiyata, wa zai duba ni bayan na koma gida?

Kiranmu ga gwamnatin Kebbi da shugabannin Jega, Aliero da Maiyama shi ne a sa ma'aikacin gashin ƙashi a kowane babban asibiti, a koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauyuka gane alamomin haɗari, a tanadi mofin a hannun likitoci da tsaro, a kuma yawaita awon suga kafin ya ci jijiya. Kuɗin na'ura guda ɗaya ya isa a fara wannan aiki a ƙaramar hukuma sukutum. Kai kuma mai ciwo, in bayanka ya wuce wata 3 yana damunka, je a duba ka a san sunan ciwon tukuna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.